Ajin Samaru kan jiragen da suka nutse: awo ya yi, amma an bar na gida a baya

Wasu matasa huɗu, maza biyu mata biyu, da suka karanci ilimin tonon kayan tarihi suna gudanar da wani aji a Samaru lokacin dogon hutu, kuma sukan kai shi har cikin makaranta idan an gayyace su. Abin da suke koya wa 'yan sakandare shi ne yadda ake binciken jiragen ruwan da suka nutse da sauran kayan tarihin da ruwa ya binne. Zama biyar ne, kowanne awa uku, ɗalibai talatin a rukuni shida. Ba a shiga ruwa, ba sai yaro ya iya iyo ba. Kuɗin da ake biya ya haɗa da kayan aiki da 'yar takardar darasi, abinci da kuɗin mota kuwa na iyaye ne.

Duk uban da ya ji wannan zai ce me ya haɗa ɗan Zazzau da teku, alhali Kubanni da Galma ne iyakar ruwan da ya sani. Amma hajar da ajin ke sayarwa ba teku ba ce. Ɗabi'a ce guda ɗaya: ka auna abu, ka rubuta inda yake, ka zana shi, tun kafin ka kai masa hannu. A wannan fuskar ajin ya cancanci kuɗinsa, kuma malamin lissafi da na fiziks za su ga amfaninsa a aji bayan hutu. Inda muke da ja shi ne jerin darussan, da kuma yadda aka tsallake jiragen ƙasarmu aka tafi Turai.

Zaman farko kan dalilin da ya sa jirgi ke tsayawa a kan ruwa ne. Kowane rukuni ana ba shi baho da ruwa, da takardar alminiyam irin ta naɗe abinci mai santimita 15 kowane gefe, da ƙananan ƙusoshi a matsayin kaya. A lanƙwasa ta ta zama ɗan akwati, a yi ta loda mata ƙusa har ta nutse, sannan a tsamo ƙusoshin a ɗora a sikeli. Abin da ya raba wannan da wasan yara shi ne ana sa su yi lissafi tun kafin lodi. Idan bango ya yi santimita 2.5, gindi zai zama 10 sau 10, cikin akwatin santimita kubik 250 ke nan, don haka ba zai ɗauki fiye da giram 250 ba. Wanda ya ɗaga bango zuwa santimita 4 yana ganin ya yi dabara, sai gindinsa ya koma 7 sau 7, ya tashi da 196. A aikace babu rukunin da ke kaiwa ga adadin da ya lissafa, domin ko dai ruwa ya shiga ta lungun da aka naɗe, ko a tara ƙusoshi gefe guda akwatin ya karkata ya kurɓi ruwa. Malaman ba sa rufe wannan giɓin. Sukan rubuta adadin biyu a allo, su sa yara su nemo dalili da kansu.

Gwajin gishiri ne bai fito ba. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, wanda ke ƙara masa nauyi da kashi 2.5 cikin 100 kawai. A kan akwatin giram 250, bambancin kimanin giram 6 ne kawai, kuma hannun yaro mai rawa ya isa ya cinye wannan. Don a ga bambanci, sai malaman su antaya gishiri har ƙwai ya taso, amma ba sa gaya wa yara cewa wannan ruwan ya ninka na teku gishiri. Yaro sai ya tafi gida da zaton teku haka take. A faɗa masa gaskiya, gwajin bai rasa komai ba.

Na gwangwanin kifi kuwa ya yi daidai. Ana kafa tsinke a tsakiyar gwangwani da ɗan yumɓu, a manna wani curin yumɓu a gindin tsinken, a hura iska, gwangwani ya yi lilo ya dawo. A matsar da curin zuwa saman tsinke, nauyi bai canja ba ko giram ɗaya, a sake hurawa, sai ya kife. Daga nan ake ba su labarin Vasa, jirgin yaƙin Suwidin mai igwa 64 da ya nutse a tashar Sitokholm ranar 10 ga Agusta 1628, a fitarsa ta farko, bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba. Nauyinsa ya yi yawa a sama, iska ta karkata shi, ruwa ya kwararo ta tagogin igwa na ƙasa da aka bari a buɗe. A nan ɗaya daga cikin malaman mata takan tsaya ta haɗa zancen da lodin da ake wa kwale-kwale a Kebbi da Neja, da hatsarin Bagwai na ƙarshen 2021 wanda ya ci yara 'yan Islamiyya. Takan yi shi cikin natsuwa, kuma minti biyar ɗin nan suna iya ceton rai wata rana.

Zama na biyu shi ne ƙashin bayan ajin, kuma a filin ƙwallo ake yinsa. Malaman sukan shimfiɗa tampol su shirya tarkacen jirgin ƙarya a kansa: guntayen katako, tsingaro, duwatsu irin waɗanda ake zubawa a gindin jirgi don ya daidaita, tsohuwar igiya, duwatsun wuya, ƙashin akuya. Sai a kafa turke biyu, A da B, mita 10 tsakaninsu, a ɗaure tef ɗin awo daga wannan zuwa wancan. Wannan shi ne layin tushe, kuma komai daga gare shi ake auna shi.

Hanya biyu ake koyarwa. Ta farko, a ja wani tef daga abin da ake aunawa zuwa layin tushe a miƙe, a rubuta lamba biyu: nisan abin daga layi, da inda tef ɗin ya sauka a kan layi. Matsalarta ita ce ido ba ya iya tantance kusurwa mai digiri 90. Dabarar da suke koyarwa ita ce ta masu nutso: ɗaya ya riƙe kan tef a jikin abin, ɗaya ya riƙa kaɗa ɗaya ƙarshen hagu da dama a kan layin tushe, inda lamba ta fi ƙanƙanta nan ne daidai. Mai shakka ya gwada da santimita 60, 80 da 100, irin yadda magina ke fitar da kusurwar ɗaki. Hanyar ba ta da laifi idan abin bai fi mita biyu zuwa uku daga layi ba, bayan nan kuskure ke fara girma.

Ta biyu ita ce a auna nisan abin daga A, a auna daga B, a koma kan takarda a buɗe kamfas a ja baka biyu, inda suka haɗu nan abin yake. Suna aiki da ma'aunin 1:50, wato mita 1 a fili santimita 2 ce a takarda, don haka layin mita 10 ya zama santimita 20, ya shiga takardar A4 ba tare da an haɗa biyu ba. Abin da muka fi yaba musu shi ne turke na uku, C, da suke kafawa a gefe. Baka biyu kullum za su haɗu a wani wuri, ko awon daidai ne ko ba daidai ba, saboda haka ba sa tona asirin kowa. Baka na uku ne ke tonawa. Idan awo ya yi, ukun su ratsa ɗigo ɗaya. Idan bai yi ba, sai wani ɗan fili mai kusurwa uku ya fito a tsakani, girmansa girman kuskurenka. Yarinya ta duba takardarta ta ga fili ya kai faɗin farcenta, ta lissafa ta ga kusan rabin mita ke nan a ƙasa, ba wanda zai ce mata ta koma ta sake, da kanta za ta ɗauki tef.

Kurakuran da ke fitowa kusan iri ɗaya ne a kowane rukuni. Tef ya yi ciki a tsakiya saboda ba a ja shi sosai ba, sai awo ya fi gaskiya tsawo. Wani tef sifirinsa daga bakin zoben yake farawa, wani daga bayan zoben, kuma ba a duba ba. Tef ɗin tela da wasu yara ke zuwa da shi inci ne a fuska ɗaya, santimita a ɗayar, mai karantawa ya juya shi bai sani ba. Wani ya yi tuntuɓe da turke ya mayar da shi inda yake zato, daga nan duk awon da ya biyo baya ya lalace, shi ya sa ake sake auna tsakanin turakun a ƙarshen aiki. Akwai kuma mantawa da rubuta ko abin yana dama da layi ne ko hagu, wanda ke sa taswira ta fito a juye. Abin da ke dab da layin tushe shi ma yana ba da wahala a hanya ta biyu, domin bakan biyu kan kwanta kusan a kan juna, ba a gane inda suka haɗu. Malaman sun san duk waɗannan, kuma sukan bar yaro ya faɗa ciki kafin su nuna masa.

A zagaye na biyu sai a ƙara wuya. Ba magana, sai alamar hannu da fizgar tef. A sa safar hannu, a sa tabarau da aka shafa wa man shafawa don gani ya dushe, a ba rukuni minti 20 kacal. Ba son rai ya sa aka zaɓi minti 20 ba. A wurin tonon jirgin Uluburun da ke gaɓar Turkiyya, wanda ke zurfin da ya haura mita 40, kimanin haka mai nutso ke samu a ƙasa, sau biyu a rana, domin kowace mita 10 tana ƙara matsin da ya kai na dukan iskar da ke kanmu a tudu, kuma daɗewa a irin wannan zurfin yana tara iskar naitirojin a jini. Rukunin da bai raba aiki tun a sama ba, ba zai dawo da awo ko biyar ba.

Akwai kuma firam ɗin zane, wanda kowace makaranta za ta iya haɗawa da kayan kasuwar Sabon Gari: bututun roba na famfo guda huɗu da gwiwa huɗu, ciki mita 1 kowane gefe, a ɗaura zare duk bayan santimita 20, gida 25 ke nan. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa, dole ɓangaren biyu su ba da santimita 141 da 'yan kai, in ba haka ba firam ya goce. Ana zanawa a ma'aunin 1:10. Nasu zare layi ɗaya ne, kuma wannan rauni ne. Firam na ainihi ana ɗaura masa zare sama da ƙasan bututu, sai mai zane ya ga zaren biyu sun hau kan juna sannan ya san idonsa na saitin abin. Da layi ɗaya, yaron da ya leƙa daga gefe zai ajiye tsingaro a gidan da ba nasa ba. Ƙarin zare ne kawai, ba wani kuɗi ba.

A zama na uku ake jiƙa hannu. Bahon roba babba, mai cin lita 60, an jera masa yashi mai tsakuwa a ƙasa, laka a tsakiya, yashi mai laushi a sama, an binne abubuwa a kowane hawa. Ba a haƙa da yatsa, fifita ake yi da tafin hannu yashi ya tashi a hankali. Tiyo mai faɗin inci ɗaya, tsawon mita 2, shi ke tsotse yashin zuwa bokitin da ke ƙasa da bahon da aƙalla rabin mita, da rariya a bakinsa don kama duwatsun wuya da suka bi ruwa. Wannan ƙaramin samfuri ne na bututun tsotsa da ake aiki da shi a teku. Rubutu a cikin ruwa da fensir ake yi, a kan farin murfin bokitin fenti da aka goge da yashi ya yi kaushi. Biro ba ya yi.

Abu biyu ke ɓata wannan zama. Yashin da ba a wanke ba, musamman idan jar ƙasar nan tamu ta gauraya da shi, yana mayar da ruwan kamar kunun kanwa da fifitawar farko, kuma ba zai kwanta ba har a tashi. Dole a wanke yashi tun jiya har ruwan wankin ya fita garau, laka kuma ta zama siririn hawa. Na biyu, yara biyar a baho ɗaya sun yi yawa. Hannu biyu ne ke shiga, sauran uku suna tsaye, kuma mai ƙarfin hali shi ke mamaye wurin, galibi namiji. Ana iya gyarawa da agogo: kowa minti goma a baho, sannan ya koma rubutu, ko riƙon tiyo, ko tsaron rariya. Makarantar da za ta gayyace su ta kuma san cewa baho shida na cin lita 360, jarka 15 ke nan daga 'yan garuwa, ban da na wanke yashi, kuma a tsarinsu makaranta ce ke kawo ruwan. Su da kansu sun tanadi robar ɗaure hannun riga da hijabi, wanda ya nuna sun yi tunanin 'yan mata.

Ɗaukar hoto da waya don haɗa siffar abu a kwamfuta, an taɓo shi a gurguje. An faɗi ƙa'idar daidai, hoto 40 zuwa 60 ana zagaya abin, kowanne ya maimaita kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, a inuwa ba a rana ba. Amma kwamfuta ɗaya ce, yara kallo kawai suke yi.

Zama na huɗu, na adana abin da aka tsamo, shi ne mafi rauni, kuma abin takaici shi ne ilimin da ke cikinsa ya fi na kowanne. Bayanin baki ba shi da aibi. Itace yana daɗewa a cikin laka ne saboda babu iskar oksijin da ƙwayoyin ruɓewa ke buƙata. Vasa ya tsira ne saboda ruwan tekun Baltik, inda ya nutse, ba shi da gishirin da tsutsar nan mai huda katakon jirgi ke so. Itacen da ya shekara ɗaruruwa a ruwa cikinsa ya riga ya zagwanye, ruwa ne ke riƙe da siffarsa, idan ya bushe sai ya motse ya tsattsage. Shi ya sa bayan an ɗago Vasa a 1961 aka shekara 17 ana fesa masa PEG, wani sinadari mai kama da kaki da ke narkewa a ruwa ya maye gurbinsa a cikin itacen. Mary Rose na Ingila, da ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, an fesa masa daga 1994 har 2013. Tsamowa ita ce mai sauƙi, abin da ke biyo baya ne ke cin kuɗi da shekaru.

Gwaje-gwajen ne ba su tabbatar da bayanin ba. Suna jiƙa sabon katako kwana biyu su shanya, sai ya bushe lafiya lau, domin lafiyayyen katako ba ya motsewa. Yaro mai wayo zai ce to ina abin da aka faɗa? Abin da ake buƙata shi ne ruɓaɓɓen itace da ya daɗe a cikin taɓo, wanda farce ke shiga jikinsa, a yanka shi gida biyu, a auna, a shanya ɗaya, ɗayan a sa shi a ruwan sukari. Sukari hanya ce ta gaske da ake bi inda PEG ya yi tsada, amma ana farawa da ruwa mara kauri ne a riƙa ƙara sukarin mako bayan mako, a rufe shi ruf saboda tururuwa da tsami. Wannan aikin zango guda ne, ba na awa uku ba. Idan motsewar kawai ake son nunawa cikin sauri, a yanka kabewa santimita 5 sau 5, a zana girmanta a takarda, a shanya kwana biyu a dawo a ɗora ta a kan zanen.

Haka gwajin ƙusa. Kofi huɗu ne: ruwan famfo, ruwan gishiri, tafasasshen ruwa da aka zuba wa man gyaɗa a sama don kada iska ta koma, da busasshen kofi. Tsari ne mai kyau, sai dai tsatsa na son kwana uku zuwa mako kafin bambanci ya fito sosai, su kuwa ranar zama na huɗu suke haɗawa, washegari a rufe aji. Ba a fafe gora ranar tafiya. A haɗa shi a zaman farko a ajiye a taga. Ƙusar ta zama ta baƙin ƙarfe ba mai farin shafe irin ta rufin kwano ba, a goge ta tas, gishirin kuma ya tsaya a giram 35 a lita. Idan aka cika gishiri, oksijin da ruwan ke iya riƙewa yana raguwa, tsatsa ta yi jinkiri, gwajin ya ba da akasin abin da ake nema. Na tsingaro shi ma sai an jiƙa shi a ruwan gishiri mai kauri an shanya sau uku ko huɗu kafin farin gishiri ya fito fatarsa ta fara ɓarewa. Wani abu da suka yi mai kyau a nan shi ne aron 'yar na'urar da masu fiya wata ke auna ruwa da ita. A jiƙa tsingaron a ruwa mai daɗi, a riƙa canja ruwan ana aunawa, lamba na sauka, idan ta daina sauka gishiri ya fita.

Yanzu babban kokenmu. Minti 40 na farkon ajin gaba ɗaya hotunan Taitanik ne a majigi, idan janareta ya yarda. Mun gane dalili, suna ne da yara suka sani. Amma jirgi ne na ƙarfe da ya nutse a 1912, aka gano shi a 1985 a zurfin kusan mita 3,800, inda babu mai nutson da zai je da tef. Babu abin da yaran za su yi a sauran kwanakin da ya shafe shi. Kwale-kwalen Dufuna kuwa minti goma ya samu a ranar ƙarshe. Wannan shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka, yana cikin 'yan ƙalilan mafiya daɗewa a duniya, kuma a jihar Yobe yake. Wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana a ƙaramar hukumar Fune. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus, Abubakar Garba da Peter Breunig, suka jagoranci fito da shi a 1994 daga zurfin kusan mita 5. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kusan rabin mita, an sassaƙa shi daga itace guda dangin maɗaci, gaba da baya an fiƙe su da gwaninta tun kafin a san ƙarfe, shekarunsa kimanin 8,000. Yana Damaturu.

Duk darasin da ke cikin ajin yana jikin wannan kwale-kwale. Tsawonsa ya shiga layin mita 10 ɗin nan cif, me zai hana a zana shi a kan tampol ya zama shi ne jirgin da ake aunawa? Laka mara iska ce ta adana shi, darasi na huɗu ke nan. An gano shekarunsa da awon kabon 14, wani sinadari da ke jikin duk abu mai rai, wanda bayan mutuwa rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730, kuma wasan murfin lemo da suke yi, a watsa 64 a cire waɗanda suka kife a sake watsa sauran, da shi ya kamata a haɗa shi. Tambayar me jirgi ke yi a wurin da yau sai an haƙa rijiya kuwa, ita ke buɗe zancen yadda Tafkin Chadi ya taɓa mamaye fili mai yawan gaske.

Kogin Kwara ma ko ambatonsa ba a yi. A duwatsun Busa jirgin Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin, ya maƙale ya halaka a 1806, tsohuwar Busa kanta tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka kammala madatsar a 1968, gari guda a cikin ruwa. Jirgin tururi Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba a 1857 da Samuel Ajayi Crowther, Bayerabe limamin Kirista, a ciki, kuma ragowar ƙarafunansa na tashar jirgin ƙasa ta Jebba. Layin dogon da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, daga Baro ya taso, tashar jiragen ruwa a bakin Kwara, don haka kayan da suka fara cika kantunan Sabon Gari ta ruwa suka yi rabin tafiyarsu. Yaron da ke tsallake wannan layin kullum zai riƙe wannan fiye da duk wani hoto na Atilantika.

Zama na biyar ya dawo da martabar ajin. Kowane rukuni yana tsayawa da taswirarsa ya faɗi ina gaban jirgi, ina ɗakin girki, wane kaya ya ɗauko, kuma duk abin da ya faɗa sai malami ya ce ya nuna a takarda. Misalin Uluburun ya dace a nan: jirgin ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗauke da tan 10 na jan ƙarfe da tan 1 na kuza, daidai gwargwadon da ake haɗa tagulla, tare da hauren giwa, haƙoran dorina da ɓawon ƙwan jimina. Sun kuma kawo São José, jirgin Fotugal da ya fashe kusa da Cape Town a Disamba 1794 da bayi sama da 500 daga Mozambik, fiye da 200 suka mutu, waɗanda suka tsira aka sake sayar da su. Daga nan suke shiga batun cewa jirgin da ya nutse sau da yawa maƙabarta ce, ba ma'ajiyar dukiya ba, kuma yaranmu ba sa buƙatar dogon bayani kan haƙƙin mamaci. An faɗi doka daidai: yarjejeniyar UNESCO ta 2001, wadda Najeriya ta amince da ita a 2005, ta shafi abin da ya shekara 100 a ruwa, ta hana cinikinsa, ta kuma ce barinsa inda yake shi ne zaɓi na farko. Wanda ya tsinci abu ya bar shi, ya sanar da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Ajin ya fi dacewa da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare zuwa aji biyu na babba. Na ƙasa da haka ma'auni da kamfas suna ba su wuya, sai su koma wasan ruwa. Takardar darasin Turanci ce zalla, ko da yake malaman da Hausa suke warware duk wani abu mai sarƙaƙiya, kuma fassara shafi takwas ba zai gagare su ba. Takardar shaidar da ake bayarwa ta halarta ce kawai, ba lasisin nutso ba ce, kuma suna faɗin haka. Wanda abin ya kama zuciyarsa, akwai sashen ilimin tonon kayan tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma awon da ya koya a tampol shi ne ake yi a tudu a wurare irin su Turunku da Kufena.

Wasu iyaye kan nemi a kai yara dam su gani da ido, malaman kuma sun ƙi. Muna bayansu. Ruwan dam ba a ganin komai a cikinsa, ga taɓo, ga tsargiya, kuma sukan ja wa yara kunne kada wani ya ce zai je ya gwada da kansa. Makarantar da za ta kira su ta duba lokaci. A damina zaman fili na iya rushewa da ruwan sama, sai a tanadi zaure ko dogon baranda mai aƙalla mita 12, a maye gurbin turaku da bulo masu nauyi a yi musu alama da alli a ƙasa. A hunturu kuwa ruwan baho da safe yana sa yatsun yara su ƙage har su kasa riƙe fensir, don haka a mayar da zama na uku bayan azahar.